Kundin Malamin Kurame da Makafi

Mu da muke koyarwa a makarantun sakandaren da ke tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, mun daɗe da lura cewa kusan kowane aji akwai yaron da alli da allo ba su isa gare shi ba. Wani ba ya ji sosai, wani ganinsa ya yi rauni, wani kuma sai an maimaita masa abu sau biyar kafin ya kama. A garuruwa irin su Gidan Goga ba safai akan sami malamin da ya koyi aikin irin waɗannan yara ba. Saboda haka duk lokacin da muka ji wani ɗan yankinmu ya tafi Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Jos domin digiri na biyu a fannin ilimi na musamman, sai mu sa ido muna jiran abin da zai dawo mana da shi.

Abin da muke roƙon irin wannan ɗalibi shi ne, ya dawo da kundin aikinsa tare da takardar shaidarsa. Takarda dai tana cewa mutum ya ci jarrabawa, amma kundi shi ke nuna abin da hannunsa ya iya, kuma gani ya kori ji. A ciki akan tara tsarin darussan da ya koyar lokacin koyarwar gwaji, da shirin da ya yi wa kowane yaro shi kaɗai, da aikin yaron na farkon zango da na ƙarshensa, da kayan koyarwar da ya ƙera da kwali ko murfin kwalba, da sharhin malamin da ya duba shi, sannan da bayanin abin da ya gwada ya ci da wanda bai ci ba.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta keɓe masa sashe, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horon malamansa a Oyo. Ga makarantar Tudun Maliki a Kano, ga ta Abdurrashid Adisa Raji a Sakkwato. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba ta shiga aji ta koyar, malami ke shiga, kuma abin da ya gano game da yaro yakan zauna ne a kansa kawai.

A nan ne gizo ke saƙa. Malami zai kwashe shekara guda kafin ya fahimci cewa wannan kurma da alamar hannun da aka saba da ita a gidansu yake gane lissafi, ko kuma wancan mai raunin gani sai an zaunar da shi kusa da taga. Rana ɗaya sai takardar canjin wurin aiki ta zo, wanda ya gaje shi ya fara daga tushe, yaro kuwa ya yi asarar wata shekara. Mu a nan mun ga abin da ya fi canjin wuri. Bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumban shekarar, an rufe makarantu, iyalai da dama sun yi ƙaura. Yaro mai ji da gani yakan lallaɓa ya kamo 'yan'uwansa a sabon wuri. Kurma kuwa ba ya iya faɗa wa sabon malami inda aka tsaya, sai dai takarda ta faɗa a madadinsa.

Don haka muke ganin kundin nan kada a ɗauke shi kayan neman aiki kawai, wanda za a ƙawata domin a burge masu ganawa. Amana ce ta yaro. Idan za a nuna shi ga jama'a, a cire sunan yaron da hotonsa, a kuma nemi yardar iyayensa. Shafukan da suka shafe shi a bar kwafinsu a makaranta domin malami na gaba. A rubuta wani sashe da Hausa, yadda uwa za ta ji ta gane idan aka karanta mata, domin ita ce take tare da shi dare da rana.

'Yan'uwa masu sha'awar alƙalami, wannan ma rubutu ne, kuma yana buƙatar abin da kowane rubutu ke buƙata: lura, gaskiya da haƙuri. Kada mai rubutawa ya ce "yaro ya samu ci gaba" ya yi shiru. Ya ce a watan fari ɗigo shida na rubutun makafi ba ya bambance su da yatsa, a wata na uku kuwa ya karanta sunan garinsu. Irin wannan jimla ita ce malamin gaba zai ɗora aikinsa a kai. Allah ya sa masu karatun su ji, su kuma dawo gida da kundinsu a hannu.