Zabiyar Battambang

Ranar da na fara jin muryar Ros Serey Sothea, ina zaune ne a ɗakin kwananmu ina fama da aikin adabin baka, watau juyar wata tsohuwar waƙar biki daga kaset zuwa takarda. Abokin zamana ya kunna wata waƙa a wayarsa. Ban san ko kalma guda ba, amma sai na ajiye alƙalami. Murya ce siririya mai tashi sama, tana karkarwa kaɗan a ƙarshen kowane baiti, ga garayar Bature tana kuka a bayanta. Na ce masa, "Wannan kuma ta Indiya ce?" Ya ce a'a, ta Kambodiya ce, kuma ta daɗe da rasuwa.

To, daga nan na bi sawunta. An haife ta wajen 1948 a lardin Battambang, ƙasar manoman shinkafa, gidansu kuwa ba na masu hali ba ne. A 1963 ta shiga gasar waƙa ta lardi ta ci, sa'an nan ta riƙa waƙa da wata ƙungiyar makaɗa a garin. Wajen 1967 ta tashi zuwa Phnom Penh, babban birni, nan kuwa gidan rediyon ƙasa ya ɗauki muryarta ya kai ta kowane ƙauye. Ta haɗu da Sinn Sisamouth, wanda shi ne uban mawaƙan ƙasar a zamanin, suka yi ta waƙoƙi tare, namiji ya faɗa mace ta amsa. Har Norodom Sihanouk, wanda shi kansa mai son kiɗa ne, ya naɗa mata laƙabin sarauniya mai muryar zinariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi da kayan baƙi. A lokacin sojojin Amurka na yaƙi a Biyetnam, rediyonsu kuwa ana kama shi a Kambodiya. Samarin Phnom Penh suka ji kiɗan, suka ɗauka. Ita kuwa sai ta ɗora harshen Khmer da karin waƙar ƙauyensu a kan wannan kiɗa, har wanda ya san asalin waƙar sai ya yi shakka ko ita ce. Mu da muke gardama a aji kullum a kan ko waƙar fiyano adabi ce, ai da mun saurare ta tukuna.

Sai ga 17 ga Afrilu, 1975. Mayaƙan Khmer Rouge suka shiga Phnom Penh, suka kori mutanen birnin kaf zuwa gonaki. Mawaƙa da malamai da likitoci su ne abokan gaba. Ros Serey Sothea ta ɓace cikin waɗannan shekaru, Sinn Sisamouth ma haka, babu wanda ya san kabarinsu. Faya-fayai da yawa sun salwanta, abin da ya tsira sai wanda mutane suka ɓoye ko suka gudu da shi. Allah Sarki!

Amma wurin da abin ya taɓa ni daban ne. A 1996 an fitar da tarin waɗannan waƙoƙi a Amurka, mai suna Cambodian Rocks, an kwaso su daga kaset ɗin kasuwa, ba a sa sunan mawaƙi ko ɗaya ba. Matar da ƙasa guda ta san sunanta, ta koma murya kawai. Sai daga baya masu saurare suka yi ta bincike suna mayar wa kowace waƙa da mai ita.

Na duba takardar da ke gabana. A saman waƙar da nake juya na rubuta "wata zabiya", don haka na tarar a bakin wanda ya ba ni kaset ɗin, ban kuwa damu in tambaya ba. Kaset ɗin daga akwatin kakata ya fito, a bikin gwaggona aka ɗauka. Ran Juma'a na shiga mota na tafi gida. Na sami Hajiya a tsakar gida tana tsintar wake, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, wadda ta yi waƙar nan a bikin Gwaggo, yaya sunanta?" Ta ɗago kai ta dube ni, ta yi dariya, ta ce in jawo tabarma in zauna.