Wa ne ko ƙane? Abin da Japananci ya koya mini kan fassara

A duk hutun da na koma gida Sandamu daga jami'a, ba na rasa mai kawo mini takarda in fassara masa: ta asibiti, ta makaranta, ko saƙon waya. Nauyi ne babba, domin idan na karkatar da umarnin shan magani, lafiyar mutum ce za ta taɓu.

Na fara leƙa Japananci a intanet don sha'awa, sai na tarar ɗalibin Tokyo yana fama da Turanci kamar yadda muke fama. Bature yana da kalma guda da yake kiran ɗan'uwansa namiji da ita, babba ne ko ƙarami. Bahaushe kuwa zai tambaya: wa ne ko ƙane? Haka Bajapane: babba "ani" ne, ƙarami "ototo". Dole mai fassara ya koma cikin labarin ya gano wane ne ya girmi wani.

Wahalarsu ma ta fi tamu. A Hausa da Turanci mai aiki ne ke zuwa farko, sai aikatau, sai abin da aka yi wa aikin: Audu ya sayi gero. A Japananci aikatau yana ƙarshe, kamar a ce: Audu gero saya. Korewa ma a jikin aikatau take, don haka sai an kai ƙarshen jimla ake sanin ya saya ko bai saya ba.

Daga nan na ɗauki ɗabi'a uku. Ina karanta jimla har aya kafin in ɗora alƙalami. Ina neman wanda ya yi aikin da abin da ya yi. Idan ta yi tsawo, sai in raba ta biyu. Karin magana kuwa ma'anarsa nake bi: inda Bature ya ce ana ruwan kyanwowi da karnuka, mu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya.

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, wannan aiki gadonmu ne, domin a Katsina aka kafa Hukumar Fassara a 1929. Ku riƙa fassara jimla biyar kullum, ku karanta wa kaka. Idan ta gane ba tare da ta ce ku maimaita ba, fassararku ta yi.