'Yan Kokawar Kaka Biyu

A ƙasar Bagudo, tun daga Illo har Kaoje da Tsamiya a bakin iyakar Benin, in kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ba abin da samari ke saurare sai ganga. Kowane gari da ƙatonsa. Bayan la'asar a share fage, jama'a ta kewaye, 'yan kokawa su fito da walki da layu, makaɗa na zuga su. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898 ba ta hana ƙaton Tsamiya ƙetarawa Segbana neman abokin karawa ba. Ya komo da kuɗin sefa, ko kuwa da ƙasa a gadon baya.

To, galibin waɗannan mazaje kaka biyu ko uku suke yi, sai a daina jin ɗuriyarsu. Saurayi ya taso, ya kada mutum bakwai a jere, 'yammata su sa shi a waƙa, a ce bana gari ya yi magaji. Baɗi kafaɗa ta goce, a kai shi wurin maɗori, ƙashi ya kama amma zuciya ba ta koma daidai ba. Wani kuwa ba rauni ba ne: aure aka yi masa, uba ya ce mai iyali ba ya tuɓe riga gaban surukai. Wani shinkafar fadamar Kwara ta riƙe shi, wani ya tafi cin rani Malanbil, ya iske dako ya fi kaye kawo kuɗi. Ba rago a cikinsu. Kokawa ce ba ta ciyad da gida sai na mutum ɗaya cikin masu yawa.

Wanda ya yi suna kuwa, ba ƙarfi kaɗai ya ɗaukaka shi ba, sai da ya sami mai riƙe masa sunan. A fagen dambe, da ba don Ɗan Anace ya waƙe Shago ba, da wuya yaran yau su san an yi shi. A Nijar kuma, tun da gwamnati ta kafa gasar takobi a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ana rubuta sunan wanda ya ɗauki takobi. Amma fa wanda aka kada ran farko, ya hau mota ya koma ƙauye, wa ya tambayi sunan ubansa?

Amurkawa sun bi wata hanya dabam a wasansu na ƙwallo da sanda, watau besbol. Su ko sau ɗaya mutum ya taka babban fili, sai an sa shi a littafi. Akwai wani Walter Alston, mai tsaron zangon farko, wato wurin da mai bugun ƙwallo ke fara shekawa ya taka. Ran 27 ga Satumba 1936 ya shiga wa ƙungiyar Cardinals ta St. Louis. Sau ɗaya aka ba shi sanda, aka fid da shi bai yi bugun da ya ci ba, ya kuma yi kuskure guda a wajen tsaro. Iyakar wasansa ke nan a babbar gasa. Daga baya ya zama mai horad da Dodgers daga 1954 zuwa 1976, ya ci musu kambin ƙasa sau huɗu. Ko da bai zama kome ba, da layinsa na nan a littafin, kamar na ɗaruruwan da suka yi wasa ɗaya suka ɓace.

Ƙaton Kaoje ba shi da layi. Labarinsa yana bakin tsofaffin da ke zama gindin bedi ran kasuwa, su ma ba shekara suke ƙirgawa ba, sai su ce kakar da ruwa ya ci shinkafa, ko kakar bayan fari. Wannan ya rantse da ƙafa aka kwashe shi, wancan ya ce ƙarya ne, santsi ne ya ja shi. Shi kuwa mai abin, in yana raye, sau da yawa yana nan kusa da su yana cinikin buhun masara, ba ya tanka musu.