Hirudus Da Rawani: Wasan Nowel A Ƙasar Gangara

Idan watan Disamba ya kama a ƙasar Maraɗi, gero ya riga ya shiga rumbu, wake da gujiya sun nufi kasuwa, hunturu kuma ya fara tsaga leɓɓa. Lokacin ke nan da manomi yake samun dare na kansa. Tun kaka da kakanni dararen nan na tatsuniya ne da kokawa da bukukuwan aure. A ƴan garuruwan da ke da Kirista, daga Tsibirin Gobir ta wajen Gidan Rumji har Agye da Gazawa da ƙauyukan Gangara, an ƙara wa dararen wani aiki, wato koyon waƙoƙi da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, wanda ake nunawa daren 24 ko ranar 25 ga wata. Waɗanda suka yi lakwal suna cewa Nowel, waɗanda suka sha zama Najeriya suna cewa Kirsimeti.

Masu wannan aiki ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristan Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma a wannan yanki ba baƙi ne ba, Hausawa ne ƴan ƙasa, masu dangi Musulmi a kowane gida. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa sansani a Tsibiri a 1927, daga baya ya buɗe asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kuturta a Danja. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ta yaye masu bishara da dama da suka bazu ƙauyuka, kuma da Hausa aka koyar da su, domin cikakken Littafin ya fito cikin wannan harshe tun 1932. Wanda ke son tarihin dalla-dalla sai ya nemi littafin da Barbara Cooper ta fitar a 2006 a kan Kiristan Maraɗi.

Waƙoƙin da turawan mishan suka kawo fassararru ne, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin Ingila da Amurka. Duk malamin Hausa ya san abin da hakan ke haifarwa. Harshenmu yana da hawa da saukar murya da gajere da dogon wasali, baƙon kari kuwa bai san da su ba, sai ya ja gaɓar da ya kamata a datse, ya ɗaga wadda ya kamata a sauke. Tsofaffi suna rera waɗannan waƙoƙi da hawaye, don da su aka binne iyayensu, amma kunnen maƙwabci ba ya kama ko rabin abin da ake faɗi. Ganga kuma an daɗe ana yi mata kallon kayan bori, ba a yarda ta ƙetare ƙofar majami'a ba. Matan zumunta ne suka sassauta wannan ɗauri a hankali, ba da gardama ba. Sun shigo da tulu da caki da tafi, sun shigo da bayarwa da amshi irin na waƙar daka, har waƙar ibada ta koma tana tafiya da ƙafar Bahaushe.

Shi ko wasan, gadonsa na gida ne. Yaron da ya yi tashe cikin azumi, ko ya ga wasan kara na Damagaram inda samari ke kwaikwayon masu mulki, ba ya bukatar a koya masa yadda ake ɗaura rawanin ƙarya. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, kowace samariya tana da ƴan wasanta, rediyo da talabijin kuma suka kai wasannin su Yazi Dogo ko'ina. Janet Beik, wadda ta yi nazarin wannan fasaha ta buga littafi a 1987, ta lura cewa ƴan wasan ba sa haddace rubutu. Ana shirya ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuma a fili ake haifarta. Haka wasan Nowel yake har yau.

Akwai wata ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye na ƙasar Gangara, gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba, majami'arsu ɗakin laka ne mai rufin kwano. Shugabar mawaƙansu mace ce da ta haura hamsin, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gujiya ranar kasuwa. Ba ta jin Faransanci, Hausa take karantawa, ita ma da bin layi da yatsa. A kanta wasan yake zaune. Ita ta san wace waƙa ke bin wace, ita ke raba matsayi, ita ke aron jaki. Kowace shekara matsalarta ta farko guda ce: da an gama girbi samari sun watse ci-rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya. Muryoyin maza sun tafi da su. Saboda haka sau da yawa ƴan mata ne makiyayan Baitalami, da sanduna a wuya da malafa, suna kumbura murya, jama'a kuma ba ta taɓa ganin aibin haka ba.

Wasan yana farawa da ƙidayar da Kaisar ya umarta, wadda Luka ya ambata a taƙaice. A Gangara wannan taƙaitacciyar magana tana cin kusan rabin awa. Ana aza tebur, wani ya zauna da gilashin ido marar gilashi da ƙaton littafi, gardi tsaye a bayansa. Magidanta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana rage yawan iyalinsa, domin kowa ya san bayan ƙidaya lanho ke zuwa. Wani ya rantse bai da ko akuya, akuyar kuwa ta yi kuka a bayan zana. Wani ya ce an haife shi shekarar fari, malamin ƙidaya ya tambaye shi wane farin. Tsofaffin da suka ji labarin zamanin kumandan daga bakin iyayensu suna dariya har da riƙe ciki. Babu littafin tarihin da ke aji da ya bayyana wa yaro dangantakar talaka da takarda kamar wannan tebur.

Sai Hirudus. Shi ne gwanin wasan, kuma kowane saurayi shi yake so a ba shi. Yana fitowa da babbar riga ta aro da rawani mai kunne biyu, dogarai da bulala, maroƙi yana zuba masa kirari, bafade yana cewa gaskiya ne tun sarki bai buɗe baki ba. Da masana taurari suka tambaye shi inda aka haifi sabon sarki, sai rawani ya karkace, ya tashi ya zauna, ya kori mai fifita, ya sake kiransa. Abin mamaki, Turawan Ingila na ƙarni na 15 haka suka yi da shi a wasanninsu na addini, sarki mai hargowa da kumfar baki, kuma su ma makiyaya suka ba aikin ban dariya, har a wasan garin Wakefield akwai ɓarawon tunkiya da ya ɓoye ta a shimfiɗar jariri. Mutanen Gangara ba su taɓa jin wannan ba. Talaka ne dai ko'ina ya samu sarkin da aka halatta masa ya yi wa dariya.

A nan ne kuma gardama ta taso wata shekara, da aka ji mai gari da kansa zai zo kallo. Fasto, dattijo mai taka-tsantsan, ya kira shugabar mawaƙa gefe.

"Uwar zumunta, rawanin nan fa a cire shi. Kada baƙonmu ya ga kamar da shi ake."

"Baba Fasto, in an cire rawani, da me za a san sarki ne? In ya zo da hular kwali ta Turawa, yara za su ce bokan wasa ne."

Ba a cire rawani ba. Abin da ta yi shi ne ta sa maroƙin wasan, kafin Hirudus ya shigo, ya juya ya gaida mai gari da kirarin gidansu na gaskiya, ya yi masa addu'ar tsawon rai, sa'an nan ya sanar cewa ga wani sarki na wata ƙasa mai nisa wanda bai gaji adalci ba. Mai gari ya yi dariya fiye da kowa, ya kuma miƙa wa Hirudus goro. Wannan dabara ba a koyar da ita a makarantar horon malamai, alhali ita ce zuciyar sanin magana.

Amma abin da ya fi cancantar nazari a wasan shi ne abin da ba a nunawa. Mala'ika ba ya fitowa fili. Sa'ad da lokacin albishir ya yi, ƴan wasa suna tsayawa cik, wani yaro ya haska tocila daga bayan zana, mata su ɗauki waƙa, muryar shugabar a gaba, amshi a baya. Maryamu tana zaune lulluɓe, ba ta cewa uffan daga farko har ƙarshe, mawaƙa ne ke faɗin abin da ke zuciyarta. Jaririn kuwa ƙunshin farin zane ne a cikin komin dabbobi, ba a buɗe fuskarsa, babu ɗan tsana a ciki. Kisan yaran Baitalami ma ba a kwaikwayonsa. Dogarai suna fita da gudu, fili ya zama wayam, sai a ji tulu shi kaɗai a hankali da waƙar makoki, irin wadda duk uwar da ta taɓa rasa ɗa a shekarar ƙyanda ko ta yunwa take ganewa ba sai an fassara mata ba. A wannan wuri yaran da ke ta ihu ɗazu sukan yi tsit.

Babu wanda ya zauna ya tsara wannan rabo a takarda, amma ƙa'idarsa a fili take: abin da za a iya yi wa dariya a kwaikwaye shi, abin da ake girmamawa a bar wa waƙa. Wani ɓangare na dalilin kunya ce irin ta Bahaushe. Wani ɓangaren kuma maƙwabta ne. Fiye da rabin masu kallo Musulmi ne, ƴan'uwa da surukai, waɗanda suka san Annabi Isa da mahaifiyarsa daga Suratu Maryam, kuma ba za su ji daɗin ganin ɗan wane na unguwa yana taka rawar annabi ko mala'ika ba. Waliyyi Faransis na Asisi, da ya shirya komin dabbobi da sa da jaki a Greccio a 1223, so yake mutane su gani da ido. Matan Gangara sun zaɓi a ji da kunne. Wanda ya kira wannan tsoro bai yi musu adalci ba, domin sun riƙe duk abin da suka gaskata, cikin waƙa suna faɗinsa sarai, kowa na ji.

Tsoro na gaskiya ya zo daga baya, kuma daga birni. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi har aka kai wa majami'a hari. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. Da Disamba na wannan shekara ya zo, dattawan ƙaramar ikilisiyar suka kasu biyu. Wasu suka ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, a yi waƙoƙin littafi kawai. Shugabar mawaƙa ta ce ɗakin ba ya ɗaukar jaki, balle Hirudus da dogaransa, kuma ranar da aka rufe ƙofa ranar ce maƙwabta za su fara tambayar abin da ake ɓoyewa. An yi wasan a fili kamar kullum, sai dai an dawo da shi la'asar, aka tashi kafin kiran magariba. Tabarmin da aka shimfiɗa wa baƙi, daga gidan wani ƙanenta Musulmi aka aro su.

Yanzu ƙalubalen na cikin gida ne. Wani ɗan kwaleji ya dawo hutu da ƙaramin fiyano mai aiki da batir, da waƙoƙin Faransanci da na majami'un Najeriya cike da wayarsa. Yana da kunne, ba a raina shi ba, kuma ƴan mata suna son sabon kiɗan.

"Inna, a bar ni in raka waƙar makokin nan, za ki ji yadda za ta yi daɗi."

"Ɗana, ba daɗi ake nema a wurin ba. Ka jira fitowar Hirudus, nan ka buga duk abin da Allah ya hore maka."

Haka aka yi, kuma fiyano ya dace da Hirudus ƙwarai. Sai dai rabon ba zai daɗe a haka ba. Waƙoƙin da matan nan suka ƙirƙira da bakinsu babu su a littafin waƙoƙi, babu su a waya, kuma yaran da ke tasowa sun fi saurin haddace na waje. Ƙungiyoyin al'adu sukan tura mutane su ɗauki muryar makaɗan fada da masu goge, abin yabo ne, amma ba a cika tunawa da cewa waƙar zumunta ma adabin baka ce ta Hausa ba, mai kari da amsa-amo da salon da ya cancanci a kai shi aji. Malamin da zai ɗauki wannan aiki, waƙoƙin ya kamata ya rubuta, da sunan wadda ta yi kowace. Maganganun wasan kuwa gara a bar su yadda suke, domin ranar da aka ba malamin ƙidaya takarda ya haddace, ranar zai daina jin kukan akuya a bayan zana.

Bayan an tashi, kwanonin shinkafa da nama suna fita zuwa gidajen maƙwabta, kamar yadda naman layya ke shigowa gidajen Kirista ranar babbar salla. Ana mayar da jaki da tabarmi da babbar riga. Rawanin Hirudus shi ne ke daɗewa bai koma ba, don yaran unguwa, na majami'a da na makarantar allo, sukan yi mako biyu suna karɓa-karɓa da shi a bakin rijiya, kowa yana korar mai fifita.