KWAMFUTA MAI YI WA ƊALIBAI TAMBAYA

Kowane malamin lissafi ya san wannan damuwa. Aji ya cika, ɗalibai sun haura hamsin, darasi kuma minti arba'in ne kawai. Ka ba da aiki ran Litinin, kafin ka gama duba littattafai ka mayar, Jumma'a ta yi. Yaron da ya kuskure ya kwana huɗu da kuskurensa, har ya zauna masa a kai daram. Wannan ne ya sa na shiga rubuta ƙananan manhajoji na kwamfuta domin ɗalibaina, kuma ina so in bayyana wa masu karanta mujallarmu ta bana yadda abin yake.

Dabarar ta daɗe a duniya. A shekarar 1960 aka fara wani tsari mai suna PLATO a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, inda ɗalibi kan zauna gaban na'ura tana tambayarsa yana amsawa. A 1964 malamai biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz na Kwalejin Datmus, suka ƙirƙiro harshen BASIC domin ɗalibin da ba masanin kimiyya ba shi ma ya iya ba kwamfuta umarni. A 1967 aka fito da Logo, wanda yara ke umartar wani ɗan kunkuru ya yi gaba ko ya juya, yana zana layi a bayansa. Sai kuma Scratch, wanda cibiyar MIT ta saki kyauta a 2007. Ni da BASIC na fara tun ina kwalejin horon malamai. Yanzu na fi aiki da Scratch, don ana iya ajiye shi a kwamfuta a yi aiki ko babu intanet.

Kada kowa ya ji tsoron kalmar manhaja. Jerin umarni ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda uwa kan aiki ɗanta kasuwa: je ka sayo manja, in babu ka sayo man gyaɗa, ka kawo mini canji. Tawa manhajar abu huɗu take yi. Takan canki lambobi ta haɗa tambaya. Takan jira ɗalibi ya buga amsa. Takan gwada amsarsa da ta gaskiya. Daga nan ta faɗa masa sakamako, ta ƙirga makinsa, ta kawo wata tambayar. A BASIC, umarnin PRINT ke rubuta magana a fuskar kwamfuta, INPUT ke karɓar amsa, IF da THEN kuma su ke yanke hukunci. Duka bai wuce shafi guda ba.

Inda aikin malami yake shi ne abin da na'ura za ta ce sa'ad da yaro ya kuskure. In ta ce “ba daidai ba” ta yi shiru, bai ƙaru da kome ba. Ga misali. Aka tambayi ɗalibi 1/2 a tara da 1/3. Da yawa sukan amsa 2/5, domin sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na san wannan tuntuɓe tun daga allo, saboda haka na shirya masa amsa ta musamman. In yaro ya buga 2/5, sai kwamfuta ta ce masa: “Kana da rabin burodi, aka ƙara maka sulusi. Yaya abin hannunka zai kasa rabi?” Sai ta zana burodi mai yanka shida, ta nuna rabi yanka uku ne, sulusi yanka biyu. Shi da kansa zai ƙirga ya sami 5/6. Kwamfuta ba ta san wannan kuskure ba sai da malami ya gaya mata, malami kuwa shekarun da ya yi yana duba littattafai ne suka koya masa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne masu kunya. Akwai ɗaliban da ba sa ɗaga hannu a aji don gudun dariya, ko da kuwa Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. A gaban kwamfuta babu mai yi musu dariya. Yarinya takan kuskure sau biyar, ta sake gwadawa, na shida ta samu, ta waiwayo tana murmushi.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi gobenku. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa yana kan na'ura, rabi yana kan tambaya. Gara hannu ya saba tun daga aji ɗaya.

Wahaloli ba su ƙare ba. Kwamfutocinmu kaɗan ne, sai ɗalibai uku su zauna a kan guda. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki. Kuma na'ura ba ta gane yaron da ya zo da yunwa ko wanda aka yi rashi a gidansu. Wannan sai idon malami.

Ina roƙon abokan aikina su kawo mini kurakuran da suke yawan gani a Turanci, kimiyya da labarin ƙasa, mu zauna mu mayar da su tambayoyi. Iyaye da tsofaffin ɗalibai masu tsohuwar kwamfuta a ajiye, ku tuna da mu, domin irin wannan aiki ba ya bukatar sabuwa. Ku kuma ɗalibai, kada ku tsaya ga amsa tambaya kaɗai. Ku zo ku buɗe manhajar, ku ga cikinta, ku canja ta, ku rubuta taku domin ƙannenku na aji ɗaya. Wanda ya iya koya wa na'ura tara rabi da sulusi, lallai shi ya fahimci darasin.

Allah ya ba mu hikima da ƙwazo.