Daga kasuwar Alaba zuwa ɗakin Kaka

Faifan bikin iyayenmu ne ya kai mu kasuwar Alaba. An ɗauki bikin a 2004 a kan faifan VCD irin na wancan zamani, kuma a cikinsa ne kaɗai ake ganin marigayi kakanmu yana tafiya yana magana. Na'urar kunna faifai ta gidanmu ta daɗe da mutuwa, shi kansa faifan ya fara karcewa. Hajiya Kaka ba ta kallo a waya, ta ce mutanen ciki kamar ƙudaje take ganin su. Talabijin ɗinta kuwa tsohuwa ce mai ƙeya, ramuka uku gare ta a baya: ja, fari da rawaya.

Yayanmu ne ya zo da shawarar. A kulob ɗin kwamfuta na makarantarsu ya ji cewa tsohuwar na'urar gem ta Xbox, ta farkon nan, ana iya juya ta ta koma akwatin ajiye finafinai da hotuna da karatu, a riƙa kunna su ba tare da faifai ba. Mun san akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. Gaskiyar magana, har da kwaɗayin gem a cikin lissafinmu. Da hutu ya zo aka tura mu uku Legas wajen Kawu, muka tafi da faifan a naɗe cikin ɗankwali da kuɗin asusunmu na shekara guda.

Kawu a Ojo yake zaune, ya daɗe yana harkar raguna a Alaba Rago, inda Hausawa suka yi shekaru suna cinikin dabbobi da kayan abinci. Kada ku rikita ta da Alaba International, babbar kasuwar kayan lantarki, duk da cewa ba su da nisa da juna. Daga titin Legas zuwa Badagry muka sauka a tashar Volks, muka shiga hanyar kasuwar. Tun kafin ka ga shago kunnenka ya riga ya isa: masu sayar da lasifika kowa yana gwada tasa, janaretoci suna ruri, 'yan dako suna ihun a ba su hanya da firji a ka. Yawancin masu shaguna Ibo ne. Masu tura baro da masu shayi da dama kuwa 'yan Arewa ne, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya ji muna Hausa ya nuna mana layin da ake sayar da kayan gem.

A nan muka fahimci cewa kayan tokumbo iri biyu ne. Akwai wanda aka gwada a gabanka, yana da tsada. Akwai wanda aka zubo daga kwantena ba a gwada ba, yana da araha, amma in ka biya ka fita, sa'arka ce ko rashinta. Xbox ɗin da muke nema yana cikin kashi na biyu, a ƙasan tebur, ƙura ta rufe shi, don kowa PlayStation sabo-sabo yake tambaya. Baƙi ne, ƙato, nauyinsa ya kusa kilo 4, da babban harafin X a samansa da koren tambari a tsakiya.

Guda uku muka tarar. Yaya ya ɗauki wanda ya fi kyau zai biya, sai wani mai gyara da ke rumfar kusa, dattijo mai tabarau, ya ce a kifa shi tukuna. A takardar da ke manne a ƙasa an rubuta ƙarfin wutar da yake ɗauka. Na Amurka ne, wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Da mun kai shi gida mun soka a bango, da hayaƙi za mu gani. Kawu ya kalli Yaya ya ce, "Kai da ka ce ka karanta komai?" Muka koma kan wani mai karce a jiki wanda aka yi don Turai, ƙirar 2003. Wutarsa irin tamu ce, tsarin hotonsa ma PAL ne, wanda talabijin ɗinmu ke ganewa.

Rumfar dattijon nan ce ta zama ajinmu har la'asar. Ya ɓanɓare robobin ƙafafun da takardu biyu, ya kwance sukurori shida masu kan tauraro, ya ɗaga murfin. Abin da muka gani kwamfuta ce sak. Kamfanin Microsoft ya fitar da na'urar a Nuwamban 2001 da ƙwaƙwalwa ƙirar Intel dangin Pentium III mai gudun megahaz 733, da ma'ajiyar aiki ta megabait 64, da rumbun ajiya na giga 8, da wurin saka DVD, da ramin wayar intanet. Ko ramukan fad, abin da ake riƙewa a buga gem, USB ne aka sauya musu siffa. Kwamfuta ce aka kulle ta don kada ta karɓi komai sai abin da kamfanin ya sa wa hannu.

Kafin a taɓa kullen, sai da ya nuna mana wani ɗan kafasita a kan allon, gindinsa ya jiƙe. Aikinsa riƙe agogon na'urar idan an zare wuta. Da tsufa yakan zubar da ruwa mai cin siraran layukan tagulla, har na'urar ta fara kunna kanta ko ta ƙi mutuwa. Ya cire shi, ya ba ƙanwarmu tsohon burushin haƙori da sifirit ta goge wurin. Ya ce ƙirar ƙarshe, wadda ake kira 1.6, ita ba ta tashi in babu shi, sai dai a sauya mata wani. Tamu ta girme ta, don haka muka huta.

Labarin buɗe kullen ya fi gyaran daɗi. A 2002 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Andrew Huang, ya gano makullin sirrin da na'urar ke tashi da shi, daga baya ya rubuta littafi a kai. Wasu kuma suka gano cewa gem uku, Splinter Cell da MechAssault da 007 Agent Under Fire, suna da ɓaraka a wajen da suke karanta wasan da aka ajiye. In aka ba gem ɗin ajiyar da aka shirya musamman, sai ya ruɗe ya buɗe ƙofa ga manhajar da ba ta kamfanin ba. Haka dattijon ya yi mana da faifan Splinter Cell, ko waya ɗaya bai liƙa ba. Yana gamawa ya kwafe mana wani ɗan ƙaramin fayil ya ce mu adana shi kamar takardar haihuwa. Rumbun ajiyar kowane Xbox a kulle yake da lambar da ke kan allonsa shi kaɗai. In rumbun ya mutu, da wannan fayil ne za a shirya sabo.

Manhajar da ya zuba mana sunanta XBMC. Masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suka rubuta ta, kyauta, kuma cikakkiyar fitowarta ta farko a 2004 ce, shekarar bikin da muke son ceto. A 2010 suka daina yi wa tsohon Xbox, wasu suka ci gaba da riƙe masa nasa reshen. A 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi, wadda yanzu take kan wayoyi da kwamfutoci da akwatunan talabijin.

Sai faifanmu. Ya saka shi a laftof ɗinsa, kwafin ya yi nisa, ya cije. Mu duka muka yi tsit. Ya fito da shi, ya goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ya mayar. A karo na uku ya wuce, amma an rasa 'yan daƙiƙu a wajen kamu. Ya haɗa laftof da Xbox da wayar intanet ya tura fayil ɗin. Ƙanwarmu ta so ta sa masa dogon suna da sunan ango da amarya da unguwa, na'urar ta ƙi, don ba ta karɓar suna da ya wuce harafi 42. Muka rubuta "Bikin Baba da Umma". Ya yi mana tayin cika sauran wurin da finafinai, Kawu ya ce a'a, haƙƙin mutane ne, abin da muka saya da kuɗinmu kawai za a zuba.

Kada wani ya ce mun yaudare shi: na'urar nan ta tsufa. Wayar da ke aljihun Kawu ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Bidiyon da wayoyin yanzu ke ɗauka ya fi ƙarfinta, sai an rage shi a kwamfuta kafin ta iya kunnawa. Fankarta tana ƙara, tana shan wuta, kuma tunda an cire mata kafasita, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta manta ranar da ake ciki. Wurin ajiyar da ya rage mana bai kai giga 5 ba. Amma faifan VCD ko giga ɗaya bai cika ba, kuma hotonsa daidai yake da talabijin mai ƙeya.

A cinya muka riƙo ta a mota har gida, a naɗe cikin bargon Kawu. Ranar da muka iso, bayan isha'i, muka soka ja a ja, fari a fari, rawaya a rawaya. Hajiya Kaka ta gyara zama, ta fara kiran sunayen mutanen da ke wucewa a allon, wannan ya rasu, wannan tana Jos, wannan ita ce ta yi girkin. Da kakanmu ya fito cikin babbar riga yana yi wa mai kyamara faɗa da dariya, sai ta yi shiru. Ta ce a mayar. Muka mayar. Ta ce a sake. A karo na huɗu ta miƙo hannu ta karɓi fad ɗin daga wajen Yaya, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "To nuna min, wanne ake dannawa ya dawo?"