Burtu a Rataye: Daga Gusau Zuwa Tsafe

Azumi ya haura goma muka bar Gusau da hantsi, domin hanyar Tsafe ta daina karɓar matafiyin yamma. Ba mu yi nisa ba Dutsen Kwatarkwashi ya tare mana ido. Garin yana ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma a kan dutsen nan ne mutanen garin a da suke hawa kamun mikiya a bikinsu na shekara.

A garin wani dattijon maharbi ya karɓe mu a zaurensa. Can jikin bango na hango burtu a rataye, ya sha ƙura.

"Baba, har yanzu ana shiga daji da shi?"

"Ina fa, ɗana! Dajin ma ya fi ƙarfinmu."

Ya sauko da shi. Itace ne aka sassaƙa da siffar kan tsuntsun, wuya dogo, baki a lanƙwashe, aka lulluɓe shi da fata, aka manna masa idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya durƙusa, ya yi ta sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Wallahi da a ciyawa ne, da ban ce mutum ba ne. Haka ake yi wa barewa sanɗa har kibiya ta isa.

A Tsafe muka kwana. Bayan asham 'yan tashe suka zo ƙofar gida, ɗaya ya huda ƙwarya ya kifa a fuska, wani ya manna gemun auduga yana dogara sanda. Dariya har da hawaye.

Ƙwaryar nan ta tuna mini da Ceroki, 'yan asalin Amurka. Su ma da duma da itace, har da gidan rina, suke yin fuskokin da suke sawa a rawar hunturu, suna kwaikwayon baƙin da suka mamaye musu ƙasa, kuma mikiya na da rawarta a wurinsu. Sana'ar ta kusa mutuwa, sai masassaƙinsu Will West Long, wanda ya rasu a 1947, ya zauna da manazarta suka rubuta, littafin ya fito a 1951. Yau jikokinsu na sassaƙawa.

Maharbin Kwatarkwashi kuwa babu yaro ko ɗaya da ke koyo a hannunsa. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau kan hanya guda da garin. Ɗaliban Hausa, ku je ku zauna da dattawan nan, ku ɗauki muryarsu da aikin hannunsu tun suna raye.